Shingen Barewa a Unguwannin Amurka: Gidan da Ya Tsira da Gidan da Aka Bar wa Ɓarna

A jihohin arewa maso gabashin Amurka, irin su New Jersey da Connecticut da Pennsylvania da New York, duk wanda ya sayi gida a unguwannin bayan gari da niyyar shuka latas da wake a bayan ɗaki, ko ƙawata ƙofar gida da furanni, ba ya daɗewa bai gane cewa yana da abokan ci da bai gayyata ba. Barewa mai farar wutsiya takan shigo da almuru ko da asubahi, ta bi kunya-kunya tana tsinke kan tsiro, kuma babba guda tana iya cinye kimanin kilo uku na ganye da toho a yini. Idan uwa ta zo da 'ya'yanta biyu da wata 'yar uwarta, aikin wata uku yana iya salwanta kafin gari ya waye. Saboda haka ne shingen barewa ya zama sana'a mai zaman kanta a waɗannan yankuna, da kamfanoninta da ƙwararrunta, ya kuma zama abin jayayya a zaurukan majalisun garuruwa.

Kafin a shiga batun waya da dirkoki, ya kamata a san yadda aka yi dabbar daji ta zama 'yar unguwa. A farkon ƙarni na 20 barewar nan ta kusa ƙarewa, domin farautar kasuwa da sare dazuzzuka sun rage yawanta zuwa kusan 500,000 ko ƙasa da haka a faɗin ƙasar. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, sannan dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da namun daji. Jihohi suka riƙa kamo bareyi daga inda suka rage suna sakin su a inda suka ɓace, suka kuma daɗe suna hana harbin matan barewa. A lokacin kuwa an riga an kawar da kyarkeci da zakin dutse daga mafi yawan gabashin ƙasar, wato manyan abokan gabar barewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai gine-gine suka bazu zuwa bayan birane, aka yanyanka daji da gonaki zuwa filaye masu ciyawa da 'yan bishiyoyi da shuke-shuken da ake ba taki da ruwa. Barewa dabba ce da ta fi son bakin daji a kan tsakiyarsa, don haka tsarin unguwannin nan ya zo mata daidai, ga abinci mai kyau, ga wurin ɓuya, ga kuma dokar da ta hana harba bindiga kusa da gidaje. A yau ana ƙiyasta yawanta da kimanin miliyan 30. A wasu garuruwan New Jersey ƙidaya ta nuna fiye da barewa 100 a kowace murabba'in mil, alhali masana gandun daji suna ganin cewa da zarar an wuce 20 sai ƙananan bishiyoyi su kasa tasowa.

Tambayar farko da kowane mai gida yake yi ita ce ta tsayi, kuma an yi sa'a akwai amsar da aka gwada. Masu bincike na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka sun kama bareyin daji suka sa su a cikin shinge, suna ƙara masa tsayi mataki-mataki suna kuma tsorata su domin su yi tsalle, aka buga sakamakon a 2010. Shingen da bai kai mita ɗaya da rabi ba bai tsayar da ko guda ba. A mita 1.8, wato ƙafa shida, mafi yawansu sun haye. A mita 2.1 akasarinsu sun kasa, a mita 2.4 kuwa, wato ƙafa takwas, babu wadda ta tsallake. Wannan ne ya ƙarfafa shawarar da jami'an wayar da kan manoma suka daɗe suna bayarwa, cewa wanda yake son kwanciyar hankali ya kai shingensa ƙafa takwas. Abin lura a cikin alƙaluman shi ne cewa tazarar ƙafa ɗaya tak, tsakanin shida da bakwai, ita ce ta raba shingen da ba ya hana komai da wanda yake hana mafi yawa. Za mu dawo kan wannan ƙafa shida, domin a nan ne doka ta tsaya a garuruwa da yawa.

Sai dai tsayi rabin magana ne. Barewar da aka tsorata a wurin gwaji dabam take da wadda take kiwonta cikin natsuwa, kuma wadda take cikin natsuwa ba ta son tsalle idan akwai wata hanya. Takan bi gefen shinge tana shinshinawa tana neman inda ƙasa ta zaizaye, ko inda raga ta ɗage, ko ƙyauren da aka manta ba a rufe ba, kuma tana iya kwantawa ta ratsa ta ƙarƙashin gurbin da bai kai ƙafa guda ba. Don haka masu wannan aiki suke cewa shinge daga ƙasa yake faɗuwa. Ana kafe gindin raga da ƙusoshin ƙarfe, ko a lanƙwaso ta waje a kwantar a ƙasa, a kuma kula da kwazazzabai da magudanan ruwa. Wanda ya kashe dubban daloli ya kai ƙafa takwas, amma ya bar hanyar shigar mota a buɗe, ya gina wa bareyi zaure ne mai ƙofa ɗaya. Abin ma yakan fi muni, domin dabbar da ta shiga ta rasa mafita takan firgita ta yi ta karo da waya har ta ji rauni ko ta yage shingen.

Akwai kuma batun ido. Idanun barewa suna gefen kai, abin da yake ba ta damar ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya ba, amma yake rage mata iya auna nisa da zurfi. Ba ta yarda ta yi tsalle idan ba ta tabbatar da inda za ta dira ba. A kan wannan rauni aka gina dabaru uku. Ta farko ita ce shinge biyu gajeru, kowanne ƙafa huɗu ko biyar, da tazarar ƙafa huɗu ko biyar a tsakaninsu, domin dabbar da take iya tsalle sama kuma take iya tsalle nesa ba ta cika haɗa biyun a lokaci guda ba, kuma tana tsoron maƙalewa a tsakiya. Ta biyu ita ce shingen da aka karkata waje, wanda idan ta matso sai ta ga waya a saman kanta. Ta uku ita ce katangar katako da ba a ganin abin da ke bayanta, wadda sau da yawa takan yi aiki ko da tsayinta ƙafa shida ne. Wannan dalili ne kuma ya sa ƙaramin lambu mai cike da kwandunan shuka da sandunan wake ya fi sauƙin tsarewa a kan fili mai faɗi, tun da babu sararin dira a cikinsa. Duk waɗannan dabaru suna raguwa da ƙarfi idan yunwa ta tsananta a ƙarshen hunturu, ko idan kare ya koro dabbar, saboda mai gudun ceton rai ba ya tsayawa awo.

Game da kayan aiki, zaɓin da ya fi yaɗuwa a gidaje shi ne baƙar ragar roba, saboda arha take, ba ta da nauyi, kuma daga nesa ba a cika ganin ta ba, musamman idan an ɗaure ta a jikin bishiyoyi. Rashin ganuwar nan kuwa takobi ne mai kaifi biyu, domin barewar da ta saba bin wata hanya za ta iya afka mata a guje, shi ya sa ake ɗaura fararen tsummoki a jikinta a watannin farko har dabbobin su saba. Zomaye da sauran masu haƙoran gaigaya sukan huda gindinta, ramin da suka buɗe kuma barewa ce take faɗaɗa shi, don haka masu hankali suke ƙara ragar ƙarfe a ƙafa biyu na ƙasa. Saƙaƙƙiyar wayar ƙarfe irin ta masu gonakin tuffa ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana buƙatar dirkoki masu ƙarfi a kusurwoyi, amma tana iya shekara ashirin tana aiki. Shingen ƙarfe na ado mai tsini a sama, wanda masu hali suke so saboda kyansa, shi ne mafi muni a ganina, domin bai kai tsayin da zai hana tsalle ba, kuma a duk shekara yana soke bareyin da suka gaza hayewa, ƙananan kuma suna maƙalewa a tsakanin sandunansa.

Shingen lantarki yana aiki ne a kan ƙwaƙwalwar dabba. Waya ɗaya ko biyu ba za su tare komai ba idan barewa ta nufi wucewa, kuma gashinta da kofatonta suna rage kaifin jan wutar. Saboda haka aka ɓullo da dabarar shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa a kan 'yan guntayen takardar alminiyam a rataya a jikin wayar. Ƙanshi yakan jawo ta, ta kai hanci ko harshe, wutar ta ja ta a wurin da ya fi zafi, daga nan ta riƙa kauce wa wurin. Dabarar tana da arha kuma tana amfani a lambun damina, da sharaɗin a kafa ta kafin dabbobin su ɗanɗana amfanin, a kuma bar wutar a kunne dare da rana. Ciyawar da ta taɓa waya tana zuƙe wutar, dusar ƙanƙara tana raba ƙafar dabba da ƙasa, kuma garuruwa da dama sun haramta irin wannan shinge a unguwannin zama saboda yara.

Waɗanda ba su da halin shinge sukan koma ga magungunan fesawa. Gwaje-gwajen Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Connecticut sun nuna cewa wasu daga cikinsu, musamman masu ɗauke da ruɓaɓɓen ƙwai, suna rage ɓarna, amma sai an riƙa maimaitawa bayan ruwan sama da kuma duk lokacin da sabon ganye ya fito, kuma babu wanda ya kamo shinge. Sabulu da gashin mutum da rediyo da mutum-mutumi duk na 'yan kwanaki ne. Jami'ar Rutgers tana da jerin shuke-shuken ado da ta kasa gida huɗu gwargwadon yadda barewa take son su: furen dafodil da labanda suna cikin waɗanda ba ta cika taɓawa ba, tulip da hosta kuwa kamar an dafa mata su ne. Wannan yana taimakon mai furanni, amma mai son cin latas ba shi da wannan mafita. A lokacin kaka kuma akwai ɓarna ta dabam, inda mazan barewa suke goga ƙahonsu a jikin ƙananan bishiyoyi har su saɓule ɓawo, kuma idan saɓulewar ta zagaye gangar jiki bishiyar ta mutu ke nan. Maganin wannan mai sauƙi ne, wato a kewaye kowace bishiya da keji na waya.

Yanzu sai batun doka, inda al'amarin ya fi rikitarwa. A garuruwa da yawa na Amurka ƙa'idar gini ta tsayar da shingen gaban gida a ƙafa uku ko huɗu, na baya da na gefe kuma a ƙafa shida, wato daidai tsayin da gwaji ya nuna barewa tana hayewa. An rubuta waɗannan ƙa'idoji ne domin direba ya ga hanya a mahaɗa, domin kada wani ya tare wa maƙwabcinsa haske, da kuma domin kiyaye kamannin unguwa mai buɗaɗɗen fili da Amurkawa suke alfahari da shi. Wanda yake son ƙafa takwas sai ya nemi izini na musamman, a saurari maƙwabta, wani lokaci kuma ƙungiyar masu gidajen unguwar ta ce sam. A gabashin tsibirin Long Island, inda attajiran New York suke da gidajen hutu, an sha muhawara a kan dogayen shingayen da suka jeru a bakin tituna, masu suka suna cewa sun mayar da ƙauyuka tamkar gidajen yari, sun kuma tura dabbobin kan kwalta. Wasu garuruwan sun sassauta, suka yarda da tsayin idan ragar irin wadda ake hangen abin da ke bayanta ce kuma an ja ta baya daga bakin hanya.

Ƙorafin masu suka yana da tushe, kuma a nan ne nake ganin masu tallar shinge ba sa faɗin gaskiya gaba ɗaya. Shinge ba ya rage yawan barewa ko da guda. Macen barewa tana rayuwa a ɗan yankin da sau da yawa bai kai murabba'in mil ɗaya ba, ba ta son barin sa, 'ya'yanta mata kuma sukan zauna a gefen yankin uwarsu su gaji hanyoyinta. Idan gida goma a cikin talatin suka killace kansu, bakunan da suke ci ba su ragu ba, filin kiwon ne ya ragu, sai nauyin ya koma kan gida ashirin da suka rage, da kurmin da yake mallakar gari, da gefen titi. Waɗanda suka rage ɗin kuwa galibi su ne masu ƙaramin ƙarfi, da masu haya, da tsofaffin da ba za su iya biyan kuɗin aikin ba. Manomin ƙasar Hausa da akuya ta shiga masa lambu ya san inda zai kai ƙara, domin akuya tana da mai ita, kuma mai unguwa zai iya sa a biya diyya. Barewar Amurka amana ce a hannun gwamnatin jiha a madadin jama'a duka, mai gida ba shi da ikon harbe ta ba tare da lasisi da lokacin farauta ba, kuma a mafi yawan jihohi babu wanda zai biya shi kuɗin furanninsa. Abin da doka ta bar masa a hannu shi ne ya kare iyakarsa, wanda a aikace yana nufin ya miƙa matsalar ga na kusa da shi.

Mutane da yawa kuma ba don lambu suke kafa shinge ba, don tsoron kaska ne. An fara gane cutar Lyme, wadda kaska take yaɗawa, a 1975, lokacin da aka ga yara da dama suna fama da kumburin gaɓoɓi a garin Lyme da kewayensa a Connecticut, sannan a 1982 aka bayyana ƙwayar cutar da Willy Burgdorfer ya gano a cikin kaska. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙiyasta cewa kimanin mutum 476,000 ake yi wa maganin cutar a kowace shekara. Matsayin barewa a cikin wannan sarƙa yana buƙatar bayani, domin ana yawan fahimtarsa a karkace. Kaska ba ta ɗaukar ƙwayar cutar daga jinin barewa; tana ɗaukar ta tun tana ƙarama daga ɓeraye da wasu ƙananan dabbobi da tsuntsaye. Amfanin barewa gare ta shi ne cewa a jikinta ne manyan kaska suke haɗuwa, macen ta sha jinin da zai ishe ta saka dubban ƙwai. Idan aka kawar da barewa daga wuri mai faɗi, kaska tana raguwa sosai, kamar yadda aka gani a tsibirin Monhegan na jihar Maine, inda aka kawar da bareyin baki ɗaya zuwa 1999, kuma cikin 'yan shekaru kaskar ta yi ƙaranci ƙwarai. Amma tsibiri teku ne ya kewaye shi. Filin gida na rabin eka yana iyaka da na maƙwabci, ɓera da tsuntsu kuma ba su san da raga ba, suna shigo da ƙananan kaska masu ɗauke da cutar, waɗanda su ne suka fi harbin mutane da ita. Wanda ya kafa shinge ya daina duba jikin 'ya'yansa bayan sun yi wasa a ciyawa, an gudu ba a tsira ba.

Da garuruwa suka ga shinge ba ya taɓa ainihin yawan dabbobin, sai suka gwada wasu hanyoyi, kuma kowace ta zo da rigimarta. Princeton da ke jihar New Jersey ta hana harba bindiga a cikin iyakarta a 1972, bareyi suka hayayyafa, haɗarin mota ya yi ta ƙaruwa, har a 2001 ta ɗauki hayar ƙwararrun maharba na ƙungiyar White Buffalo, abin da ya jawo zanga-zanga da ƙararraki daga masu kare haƙƙin dabbobi. Jami'ar Cornell ta gwada ɗaure mahaifar matan barewa daga 2007, sai aka tarar cewa matan da ba sa ɗaukar ciki suna ci gaba da neman barbara wata bayan wata, abin da ya riƙa jawo maza daga nesa zuwa harabar. Garin Hastings-on-Hudson ya fara allurar hana haihuwa a 2014, birnin New York kuma ya fara yi wa mazan bareyin tsibirin Staten Island tiyatar hana haihuwa a 2016. Hanyoyin da ba na kisa ba suna da tsada, suna ɗaukar shekaru kafin a ga tasiri, kuma sun fi aiki a tsibiri ko wurin da sababbin dabbobi ba sa kwararowa. Harbi yana rage yawan da sauri, amma dole a maimaita shi kowace shekara, domin macen da take samun abinci mai kyau tagwaye take haifa. A halin da ake ciki, motoci suna karo da barewa fiye da sau miliyan ɗaya a shekara a Amurka, abin ya fi tsanani a watan Nuwamba lokacin barbara.

Hukuncina shi ne cewa mai ƙaramin lambun kayan miya yana da cikakken dalilin kewaye shi, kuma ya yi aikin sau ɗaya yadda ya kamata, da tsayi ƙafa bakwai da rabi zuwa takwas, da gindi a kafe, da ƙyauren da yake rufe kansa. Irin wannan keji na 'yan mitoci ba ya toshe wa kowa hanya kuma ba ya ƙwace wa dabbobin wani filin kiwo mai yawa. Kewaye eka biyu ko uku na ciyawa da itatuwan ado kuwa wani al'amari ne dabam, wanda ya cancanci majalisar gari ta duba shi kafin ta sa hannu: ina dabbobin za su bi idan an rufe nan, nawa ne tazarar shingen daga titi, kuma an bar wa kunkuru da yanyawa da sauran ƙananan dabbobi mashiga ko kuwa an datse su tare da barewa. Garin da ya sassauta ƙa'idar tsayi ba tare da ya ƙidaya bareyinsa ya tsai da shawara a kan yawansu ba, zai tarar da takardun neman izini suna ƙaruwa kowace shekara, domin duk shingen da aka amince da shi yana ƙara matsi a kan gidan da ke biye da shi.